Huhun Goron da Ya Kwantar da Maigidana

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta Ya kuma saukar da sauƙinta. Sunana Salamatu. A Zangon Kumasi aka haife ni, nan na yi aure, nan nake zaune har yau. Zan ba da labarin jinyar maigidana Mumuni, Allah Ya jiƙansa, wadda muka yi ana saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki. Ba don a tausaya mana nake ba da shi ba, abin ya daɗe da wucewa. Dalilina shi ne har gobe ina ganin mutane a kasuwa suna sunkuyawa su fizgi kaya daga ƙasa, babu mai ce musu komai.

Mumuni ɗan dako ne, kayakaya kamar yadda ake ce musu a nan. A siton goron wani Alhaji yake aiki, kusa da tashar lori. Goro idan ya zo daga daji, mata su tsince shi, a jera shi cikin ganye, a ɗaure da igiya ya zama huhu. Huhu ɗaya ya fi ƙaton namiji nauyi. A ƙa'ida mutum biyu ne ke ɗora wa na uku a kai, shi kuma ya kai bakin lori. Amma shi Mumuni ba ya jiran kowa. Sunkuyawa yake yi ƙafafu a miƙe, ya rungumi huhu, ya fizgo shi da ƙarfin baya ya juya shi zuwa kafaɗa. Direbobi suna son sa domin ba ya ɓata musu lokaci. Ni ma, in faɗi gaskiya, nakan ji daɗi idan na je famfo na ji mata suna cewa mijin Salamatu ƙarfin mutum uku gare shi.

Ciwon bai zo rana ɗaya ba. Ya yi kusan shekara yana dawowa gida da hannu a ƙugu. In shafa masa man kaɗanya, wani lokaci ya kwanta rub da ciki ya ce in taka masa bayan da ƙafa. Yakan ce gajiya ce. Duk Zango babu ɗan dakon da ba ya kukan baya, saboda haka mun ɗauka abin yana cikin aikin ne, kamar kanta a tafin hannu.

Ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar kakar goro, ina bakin titi wurin da nake sayar da koko da ƙosai, sai na hango abokan aikinsa biyu suna turo amalanke a hankali. Da farko na zaci kaya ne. Da suka matso sai na ga ƙafar mutum. Yana kwance a gefe ɗaya, ya takure, gumi ya jiƙa masa riga.

Na ce, "Maigida, lafiya? Mota ce?"

Ya ce, "Ba mota ba ce. Na ɗago huhu ne, na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Kada ki taɓa ni, Salamatu. Ki bari su shigar da ni."

Makon farko a kan katifar ciyawa ya yi shi. Ba ya iya juyawa, tari ma tsoronsa yake ji, atishawa kuwa sai ya riƙe ƙafar gado. A kwance yake salla. Masu gaisuwa suka cika gida, kuma kowa da nasa ilimin. Wata ta ce sanyi ne, wani ya ce ya tsallaka abin da aka binne wa wani. Yayansa, Yaya Salifu, wanda mahauci ne a kasuwa, shi maganarsa ta fi ta kowa nauyi a gidan, ya ce, "Ku daina wahalar da kanku. Ciwon baya a jikin namiji basir ne, ba wani abu ba." Ya kawo jiƙon saiwoyi cikin kwalba. Maigida ya sha, ya yi kwana uku yana gudawa, kuma duk zuwa bayan gida sai an ciccibe shi yana salati. Bayan nan aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙugu. Baƙin jini ya fito, kowa ya ce ga cutar nan ta fita. Ya ɗan ji daɗi yini ɗaya, washegari muka koma inda muke.

A mako na biyu ni na matsa muka tafi asibiti. Muna idar da sallar asuba muka fita, amma mun tarar da layi ya riga ya zagaye baranda. Zama a benci ya gagare shi, tsayuwa ma haka, sai na shimfiɗa masa zanena a ƙasa ya kwanta, mutane suna tsallake shi. Sai wajen azahar aka kira mu. Likitan ya sa shi ya kwanta rigingine, ya kama ƙafarsa ta hagu ya ɗaga a miƙe. Ba ta yi nisa ba Maigida ya yi ƙara. Likita ya gyaɗa kai, ya yi magana mai tsawo da Turanci, yana nuni da hannu. Kalma ɗaya na riƙe, don ya maimaita ta sau da yawa: diski. Tafintan da ke tsaye a gefe ya dube mu, ya dubi jama'ar da ke bakin ƙofa, ya ce, "Likita ya ce ka huta. Ga magani, ga takarda. Na gaba!"

Duk maganar nan mai tsawo, abin da ya iso kunnenmu ke nan. Maigida yana karanta Alƙur'ani, yana kuma ɗan rubuta ajami, amma boko babu wanda ya sani cikinmu. Takardar na ɗauka rasit ne. Na ninke ta na sa a ƙasan akwatina cikin zannuwa.

Ƙwayoyin sun yi aiki, hutun ma ya yi. A mako na uku ya fara zagaya tsakar gida yana dafa bango. A na huɗu yana zuwa masallacin unguwa. Kakar goro kuwa ba ta jiran kowa, ga labari yana zuwa cewa wani abokin aikinsa mai suna Fuseini shi direbobi ke kira yanzu. Kokona ne ke riƙe da gidan, kuma na ga abin yana cin sa. Wata safiya na ga ya ɗauko gammonsa yana kaɗewa.

Na ce, "Ina kuma za ka da wannan?"

Ya ce, "Likita ya ce in huta, na huta. Ko ya faɗa miki kwana nawa?"

Ban hana shi ba, kuma ba zan ɓoye ba, har da ɗan sauƙi na ji a raina, don tukunya ta fara yi mini nauyi ni kaɗai.

Kwana huɗu ya yi yana aiki. A na biyar ya dawo da ƙafarsa tun kafin la'asar, yana jan ta hagu. Ya ce wannan karon ba bayan ba ne, wani abu ne kamar waya mai zafi ta taso daga ɗuwawu ta bi cinya har tafin ƙafa. Da gari ya waye ya zura takalmi zai fita alwala, takalmin ya zame ya faɗi. Ya sake zurawa, ya sake zamewa. Ya zauna a bakin gado yana kallon ƙafar. Ya ce, "Salamatu, ina ce wa babban yatsan nan ya ɗaga, ba ya ji." Na tsunkule shi a bayan ƙafar, ya ce kamar ta cikin bargo nake taɓa shi. Ranar ce na fara jin tsoro na gaske.

Yaya Salifu ya ce yanzu magana ta fito, ƙashi ne ya goce. Ya aika wajen unguwar Oforikrom aka kira wani tsohon maɗori da ya yi suna.

To, akwai wata mata da ke sayen kokona kusan kullum, Ba'asantiya, ana ce mata Maame Akosua. A Ashanti New Town take zaune, ta nan take bi in za ta kasuwa. Ta daɗe tana aikin jinya a asibiti kafin ta ajiye saboda shekaru. Tana jin Hausa irin ta kasuwa, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Da ta yi kwana biyu ba ta gan ni a bakin titi ba, ta tambaya aka nuna mata gidanmu. Allah Ya sa ta shigo daidai lokacin da aka kifa Maigida a tabarma, maɗori yana lallatsa masa baya, Yaya Salifu yana tsaye a kansu yana cewa, "Baba, ka sa gwiwa ka danna, mu riƙe maka shi. Sai ya ce ƙas zai koma."

Maame ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kafra, ku yi haƙuri, ku jira kaɗan. Salamatu, kun je asibiti?"

Na ce mun je.

"Ba su ba ka takarda ba?"

Na tono ta daga akwati. Ta sa tabarau, ta karanta a zuci, sannan ta ɗago ta dube ni, ta dubi Maigida. Ta ce, "Wa ya karanta muku wannan?"

Na ce, "Babu kowa, Maame. Ba rasit ba ne?"

Sai ta karanta mana da Hausa, layi layi. Mutumin nan ya kwanta a kan katako mai tauri mako shida. Kada ya ɗaga kaya mai nauyi sai likita ya yarda. Ya dawo asibiti bayan mako biyu. In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi fita, a kawo shi nan take.

Wata guda ke nan maganar da za ta tsare masa ƙafa tana kwance a ƙarƙashin zannuwana.

Yaya Salifu ransa ya ɓaci, ya ce mun bar baƙuwa ta shigo tana raba mu da abin da muka gada. Amma tsohon maɗorin ya janye hannunsa, ya goge da gefen riga. Ya ce, "Salifu, ni karaya nake ɗorawa da targaɗe. Na lalluba bayan nan daga wuya har ƙasa, ban ji abin da ya karye ba. Abin da ban ji da hannuna ba, ba na danna shi. Ku bi maganar matar nan." Ya ƙi karɓar ko na mota, ya yi mana addu'a ya tafi. Allah Ya saka wa tsohon nan, ban sake ganinsa ba.

Washegari Maame da kanta ta raka mu. Layi dai sai da muka bi, sai dai wannan karon ita ta tsaya a matsayin tafinta. Likitan ya fara faɗa, me ya sa aka bar shi ya koma aiki. Maame ta ba shi amsa da Turanci a natse, na ga ya juya ya dubi tafintan. Aka ɗauki hoton bayan. Likita ya ce ciwon ƙafar zai tafi in an bi doka, amma ƙarfin yatsun ba zai yi alkawari ba. Suka naɗe shi da filasta tun daga ƙirji har ƙugu, ta bushe ta yi tauri kamar tukunya.

Katako ba mu da shi. Yaya Salifu, duk da fushinsa, shi ya cire ƙyauren ɗakin girkina, ya ɗora a kan bulo huɗu, na shimfiɗa bargo ɗaya a kai. Nan Maigida ya kwanta.

Wanda bai yi jinyar mai filasta a zafin Kumasi ba, ba zai gane ba. Gumi yana shiga ciki, ƙaiƙayi ya taso inda hannu ba ya kaiwa. Dogon tsinken tsintsiya nake zura masa a hankali, yana cewa, "Hagu kaɗan, ƙasa, yawwa nan." Ina goge masa jiki da tsumma safe da yamma. Juya shi kuwa sai mu biyu, ni da Yaya Salifu, kafaɗa da ƙugu su tafi tare kamar ana mirgina gungume, haka Maame ta koya mana. Fo, wato tukunyar bayan gida, nake kawo masa in fitar, abin da ya fi komai yi masa ciwo a rai. Kokon sai na ba wata maƙwabciya tana sayar mini, kwanonin aurena kuma suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Alhajin sito ya aiko da buhun masara sau ɗaya, matan gidanmu kuma ba su taɓa sauke tukunya ba su zubo mana ba.

Maame takan biyo kowace safiya. Daga bakin ƙofa za ta ɗaga murya, "Mumuni, fitsari yana fita?" Duk tsakar gida ana ji. Shi kuma ya rufe fuska da hannu ya ce, "Yana fita, Maame, don Allah a hankali." Sai ta shigo ta kama yatsan ƙafar ta ce ya tura, ya ja.

Wajen mako na uku da sa filastar ya canza mini. Ba ya son magana, abinci sai na yi da gaske. Wata rana na tarar da shi da wuƙar yankan albasa yana gwada bakin filastar. Ya ce, "Sun ɗaure ni ne kawai. Ni na san abin da ke damuna. Fuseini ne ya yi mini aiki don ya karɓi wurina." Na karɓe wuƙar, ban yi musu da shi ba. Da safe na tare Maame a waje na faɗa mata.

Ta yi ɗan tunani ta ce, "Laifinmu ne. Muna ta ce masa kwanta, kwanta, ba mu nuna masa dalili ba. Yayansa ba mahauci ba ne? Ka ce masa gobe ya kawo ƙashin bayan rago, ɗanye, kada ya sare shi."

Yaya Salifu ya kawo, yana gunaguni. Maame ta sa aka jawo kujera kusa da Maigida, ta ɗora ƙashin a faranti. Ta ce, "Duba nan. Ƙashi ɗaya ne?"

Maigida ya ce, "A'a, gaɓa-gaɓa ne."

"Tsakanin gaɓa da gaɓa, mene ne wannan fari?"

Yaya Salifu ya ce, "Guringuntsi ne. Nan muke sa wuƙa in za mu raba."

Ta ce, "To shi ne diskin da likita ke faɗa. Matashi ne Allah Ya sa tsakanin ƙashi da ƙashi." Ta nuna ramin da ke bi ta tsakiya, ta ce, "Wannan fa?"

Yaya Salifu ya ce, "Laka ce."

"Daga jikinta jijiyoyi suke fita, su tafi har yatsan ƙafa."

Sai ta tsayar da ƙashin a miƙe, ta ce Yaya Salifu ya danna daga sama da duk ƙarfinsa. Ya danna, babu abin da ya motsa. Ta lanƙwasa shi kamar bayan mai sunkuye, ta ce ya sake dannawa. Muna kallo, farin abin nan ya bultso ta baya, daidai inda jijiya take. Ta sa yatsa a wurin ta ce, "Mumuni, ga ciwonka. Kullum ka sunkuya ka fizgi huhu, haka kake yi masa. Shekara nawa kana yi? Ya gaji ya fashe, ya danne jijiyar ƙafa. Filasta tana riƙe ka a miƙe ne don ya samu ya lafa. Ba Fuseini ba ne. Kai ne da huhu."

Maigida ya ce a miƙo masa. Ya riƙe ƙashin a saman ƙirjinsa, ya miƙar, ya lanƙwasa, ya miƙar, ya lanƙwasa. Ya daɗe yana yi. Can ya ce, "To yaya mutum zai ɗauki kaya, in bai sunkuya ba?"

Maame, da tsufanta da ƙibarta, ta gyara ɗaurin zane, ta matsa jikin bokitin ruwana har yana taɓa ƙafarta, ta tsuguna baya a miƙe, ta rungumo shi ta miƙe da ƙarfin cinya. Ta ce, "Cinya nama ce mai kauri, aikinta ke nan. Kaya ya manne da jikinka. In za ka juya, juya da ƙafa, kada ka murɗa ƙugu. In ya fi ƙarfinka, kira mutum."

Da ta gama, Yaya Salifu ya ce, "Shekara ashirin ina saran abin nan kullum. Ban taɓa kawowa a raina cewa irinsa ne a bayana ba." Da yamma na yi farfesu da ƙashin. Ranar Maigida ya cinye tuwonsa tas, kuma bai ƙara zancen wuƙa ko Fuseini ba.

Da aka cika mako shida aka yanke filastar. Jikinsa ya yi fari ya saɓule, ƙafafun sun rame. Aka shiga koyon tafiya, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin rijiya, yana riƙe da sanda. Maame ta koya masa motsa jiki a kwance, safe da yamma, yana yi yana cewa wasan yara aka sa shi. Zafin ƙafar ya riƙa ja da baya, daga tafin ƙafa ya koma gwiwa, daga gwiwa ya koma ɗuwawu, har ya ɓace. Amma yatsun ba su dawo duka ba. Har ya bar duniya yana ɗan jan ƙafar hagu, kuma takalmi sai mai maɗauri a dunduniya.

Ni ma ban tsira daga Maame ba. Ta same ni wata rana na duƙa a kan tukunyar koko ina damawa, murhu a ƙasa. Ta ce, "Kai ma kana so a cire maka ƙyaure?" Ta sa aka ɗaga murhun da bulo har ya kai mini ƙugu, ta ce muciyar ta yi gajere a samo doguwa. Ciwon bayan da na yi shekaru ina ɗauka na haihuwa ne, cikin wata biyu na neme shi na rasa. A shekarar ce kuma na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar a wata makaranta kusa da mu. Mata sun yi mini dariya, wai da girmana ina rera a, ba, ca. Ban kula ba. Na riga na yi wa kaina alkawari ba za a sake ba ni takarda in ajiye ban san abin da ke ciki ba.

Ina godiya ga asibitin nan, don da ba su ba, da wataƙila a zaune zai ƙare rayuwarsa. Amma ina da ƙorafi, kuma ba zan fasa faɗa ba. Bayanin da Maame ta yi da ƙashin rago bai kai tsawon dahuwar koko ba. Da an samu wanda ya yi mana shi ranar farko, ko ma tun ranar da Maigida ya fara ɗora gammo a ka, da ƙafarsa ba ta tafi ba. Magani sun ba mu, sanin abin ne ba su ba mu ba, mu kuma ba mu san ana tambaya ba.

Bayan wata biyar ya koma sito, amma ba dako ba. Alhaji ya sa shi duba ɗauri da tsara lodi, abin da ake samu bai kai na da ba. Tun makon farko ya je ya sami Alhaji da buƙata biyu. Ta farko a rage girman huhu. Alhaji ya ce wannan ba zai yiwu ba, kuɗin mota a kan huhu ake biya, ba a kan nauyi ba. Ta biyu a kafa dakalin katako mai tsayin ƙugu, a riƙa ɗaure huhu a kai, don kada a ɗago shi daga ƙasa. Wannan Alhaji ya yarda, bayan ya yi kwanaki yana cewa zai duba.

'Yan dakon ne suka fi wuya. Da ya tara su ya tsuguna yana nuna musu, Fuseini ya tuntsire da dariya ya ce, "Mumuni, ciwo ya mai da kai mai wankin kwanoni. Mu maza ne, ba ma tsuguno gaban kaya." Maigida ya dawo gida ya ba ni labari, na ce ya ƙyale su mana. Ya ce, "In ni ne a wurinsu, da abin da zan faɗa ke nan. Gobe zan sake." Haka ya yi ta yi. Duk sabon da ya zo neman aiki, ba zai taɓa huhu ba sai Maigida ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya tuɓe takalmi ya nuna masa ƙafar. Wasu suka ɗauka, wasu sai in yana kallo. Fuseini bai ɗauka ba sai da nasa bayan ya kwantar da shi bayan shekara biyu. Maigida ne ya fara zuwa gidansa, shi ya raka shi asibiti, ni kuma na karanta musu takardar, da ƙyar, ina haɗa baƙi. Fuseini ya kwanta makonninsa cif, ya tashi da ƙafafunsa biyu lafiya.

Shekaru da yawa bayan haka, Maigida ya tsufa ya bar sito, Alhajin ma ya rasu 'ya'yansa ke riƙe da wurin. Wata rana na bi ta nan zan je gaisuwar rasuwa, na tarar ana lodi. Babu fuskar da na sani ko ɗaya. Na tsaya ina kallo. Mutum biyu suka matsa jikin huhu a kan dakali, na ukun ya ɗan tsuguna baya a miƙe, suka zuro masa a kai, ya miƙe da cinya ya tafi. Wanda ya biyo shi ma haka, na bayansa ma haka. Na tambayi wani da ke shan ruwa a gefe, na ce, "Bawan Allah, wa ya koya muku ɗaukar kaya haka?"

Ya dube ni da mamaki ya ce, "Koyarwa kuma, Hajiya? Ai haka ake yi a siton nan tun da can."

Da na dawo gida na sami Maigida a zaune a ƙofar ɗaki yana jan carbi. Na ba shi labari, har da ɗan haushina, na ce ko sunansa ba su sani ba. Ya sa na maimaita masa abin da mutumin ya ce. Na maimaita. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Tun da can, ko? To alhamdu lillahi. Ya kama ke nan."